Gyaran Hoto Daga Farko Zuwa Ƙarshe: Wane Aiki Ake Fara Yi, Wane Fayil Ake Ajiyewa

Akasarin hotunan da ke lalacewa a hannun masu gyara, wurin ajiyewa ake yi musu illa. Mutum zai buɗe hoton JPEG ya ƙara masa haske, ya ajiye a kan na asali. Gobe ya dawo ya goge tabo, ya sake ajiyewa. Jibi ya yanke gefe, ya rage girma, ya ajiye. Kafin a ankara sararin samaniyar da ke cikin hoton ya yi layi-layi, gefen fuska ya yi ƙura-ƙura, na asalin kuma babu shi balle a koma gare shi.

Saboda haka tsarin da za mu bi a kan fayil uku ya ginu: na asali wanda ba a taɓa shi ko kaɗan, na aiki wanda ake gyara a cikinsa ba tare da asarar komai ba, da na fitarwa wanda ake matsewa sau ɗaya tak a ƙarshe. Ko Photoshop ke hannunka, ko GIMP, ko Affinity Photo, tsarin ɗaya ne. Sunayen maɓallai ne kawai ke bambanta.

Me fayil ke riƙewa, me yake zubarwa

Hoton dijital taron ɗigo ne da ake kira fiksel, kowane fiksel kuma lambobi uku ne: yawan ja, yawan kore, yawan shuɗi. A fayil mai bit 8, kowane launi matakai 256 gare shi tsakanin duhu da haske, in aka haɗa ukun sai a samu launuka kusan miliyan 16.7. Wannan ya ishi ido kallo, amma bai ishi mai gyara ba. Ɗauki hoton da ya yi duhu, inda inuwar duka ta cunkushe a matakai 20 na ƙasa. Idan ka ja ta ta bazu a kan matakai 100, manhaja ba ta da inda za ta samo sauran 80 ɗin, sai ta bar giɓi a tsakani. Giɓin nan ne kake gani kamar matattakala a sararin sama ko a bango mai launi ɗaya. Fayil mai bit 16 kuwa matakai 65,536 gare shi a kowane launi, ka ja yadda ka ga dama, da wuya ya yage.

JPEG, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa a 1992, bit 8 ne, kuma ƙanƙantarsa daga zubar da bayanai take zuwa. Yakan ware haske daban, launi daban, ya rage bayanan launi tunda idon ɗan Adam ya fi lura da bambancin haske. Sannan ya yayyanka hoton gida-gida, fiksel 8 a tsaye 8 a kwance, ya watsar da ƙananan bayanan da yake ganin ba za a lura da rashinsu ba. Abin da ya watsar ya tafi ke nan. Buɗe JPEG ka rufe ba ya rage masa komai, kwafe shi zuwa wata ma'ajiya ma haka. Ɓarnar tana zuwa ne duk sa'ad da aka canza wani abu aka sake ajiyewa, musamman in an yanke gefe ko an sauya girma, domin gidajen nan sun gusa, matsewar za ta ci sabon wuri. Kamar fotokwafin fotokwafi ne, kowane zagaye da abin da yake ci.

RAW kuma abin da sensar kyamara, wato ɓangaren da ke kama haske, ta gani ne kafin kyamarar ta sarrafa shi. A yawancin kyamarori akwai matacin launi a kan sensa, irin wanda Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya ƙirƙiro aka ba shi haƙƙin mallaka a 1976: rabin ɗigon suna ganin kore, rubu'i ja, rubu'i shuɗi. Manhaja ce daga baya ke lissafa cikakken launin kowane fiksel. Fayil ɗin yakan zo da bit 12 ko 14, wato matakai 4,096 ko 16,384, kuma ba a riga an yanke hukunci a kan zafin launi ko kaifi ba, kai za ka yanke. Kowane kamfani da sunan nasa: Canon na da CR2 da CR3, Nikon na da NEF, Sony ARW, Fujifilm RAF. Adobe ya fito da DNG a 2004 don a samu na bai-ɗaya, kuma shi ne wayoyi da dama ke bayarwa idan ka shiga yanayin ƙwararru na kyamararsu.

Kada dai a ɗora wa RAW abin da ba zai iya ba. Hoton da ya fita dishi-dishi saboda hannu ya motsa ko saiti ya kauce, haka zai zauna. Wurin da haske ya ƙone har launuka ukun suka kai ƙarshen ma'auni, babu abin da za a tono a ciki.

Mataki na farko: killace na asali

Kwashe hotuna daga katin kyamara zuwa kwamfuta, ka yi kwafi na biyu a wata ma'ajiyar daban, sannan ka goge katin. Masu wannan sana'a suna da ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani wurin da ba nan ba. Sa wa folda suna da shekara, wata, rana, kamar 2025-03-14, don su jeru da kansu. Sai tantancewa, ka ware waɗanda suka cancanci lokacinka. Zuƙo hoton zuwa kashi 100 ka dubi ido. In idon bai fito raɗau ba, wuce zuwa na gaba.

Idan JPEG ko HEIC kawai gare ka, ba laifi. HEIC shi ne abin da iPhone ke ajiyewa tun daga iOS 11 a 2017, shi ma matsattse ne mai zubar da bayanai, sai dai ya fi JPEG iya tattali. Ɗauke su a matsayin na asali, kada ka taɓa ajiye komai a kansu.

Mataki na biyu: allon da kake kallo

Allon da ya cika haske zai sa ka riƙa duhunta hotuna ba ka sani ba, sai an wanke su a takarda ka ga sun fito baƙi ƙirin. Rage hasken allon zuwa matsakaici, kashe yanayin dare mai sa allo ya yi rawaya, kada rana ko fitila ta riƙa dukan fuskarsa. Mai yi don sana'a ya kamata ya mallaki na'urar saita launin allo, ya riƙa gwadawa lokaci-lokaci.

Akwai kuma zancen farfajiyar launi, wato iyakar launukan da lambobin fayil ke nufi. sRGB, wanda HP da Microsoft suka fitar a 1996, shi ne harshen da intanet da yawancin na'urori ke ji. Adobe RGB na 1998 ya fi shi faɗi ta wajen kore da shuɗi-kore. ProPhoto RGB ya fi su duka faɗi, har ya haɗa launukan da ido ba ya gani, kuma ba a aiki da shi sai a bit 16. Shawarata ga mai farawa: ya tsaya a sRGB daga farko har ƙarshe. Abin da zai rasa kaɗan ne, ciwon kan da zai kauce wa kuwa da yawa.

Mataki na uku: gyaran hoto gaba ɗaya

Wannan a manhajar RAW ake yi: Lightroom, Camera Raw, Capture One, ko darktable da RawTherapee waɗanda kyauta ne. Kyawunsu shi ne ba sa taɓa fayil ɗin asali. Umarninka kawai suke rubutawa, a kundinsu ko a wani ɗan fayil da ke zama gefen hoton, galibi XMP. In za ka matsar da hoto zuwa wata folda, tafi da ɗan fayil ɗin, in ba haka ba gyaran ya ɓace.

Fara da gyaran gilashin kyamara, wato lanƙwasar layuka da duhun kusurwa da gezar launin da ke fitowa a bakin abubuwa masu haske; yawanci maɓalli ɗaya ne. Miƙe hoton idan ya karkace. Yanke gefe kuwa ka yi sassauci a yanzu, domin ba ka san wane fasali za a nema gobe ba.

Sai daidaita fari. Nemi abin da ka tabbata ruwan toka ne ko fari marar ƙyalli a cikin hoton, ka taɓa shi da matsotsin launi, wato kayan aikin da ke ɗauko launi daga hoto, daga nan ka gyara da ido. Dole wannan ya riga duk wani aikin fata, domin hasken fitila mai kore-kore zai sa lafiyayyen mutum ya yi kamar mai jinya, kuma buroshi ba zai warkar da shi ba.

Bayan nan haske. Buɗe histogiram, jadawalin nan mai kama da tsauni: hagu duhu, dama haske. Idan tsaunin ya jingina da bangon dama, wani wuri ya ƙone. Idan da na hagu, wani wuri ya toshe. Saita hasken gaba ɗaya tukuna bisa abin da ya fi muhimmanci a hoton, wanda a hoton mutum fuska ce. Sannan ka janyo wuraren da suka yi haske da yawa ƙasa, ka ɗaga inuwa kaɗan. Na ce kaɗan domin hoton da aka kore wa inuwa duka yakan zama shimfiɗaɗɗe, ba tudu ba kwari, ga yashi-yashin da ke ɓoye a duhu ya fito fili. Rage yashin nan a wannan mataki, kana kallo a kashi 100. Na launi, mai ɗigon ja da kore, cire shi sosai. Na haske kuwa bar ɗan saura, don in ka share shi tas fata za ta koma kamar roba.

Mataki na huɗu: buɗe fayil na aiki

Fitar da hoton a TIFF mai bit 16, ko PSD in Photoshop ne, ko XCF in GIMP ne. TIFF tsohon hannu ne, kamfanin Aldus ya fito da shi a 1986, kuma kusan kowace manhaja tana buɗe shi. In za ka matse shi zaɓi ZIP. Ba ya zubar da komai, kuma a bit 16 ya fi ɗaya hanyar matsewar, LZW, rage nauyi. Shirya wa nauyi fa: hoto mai fiksel 6,000 a 4,000, wato megafiksel 24, yana cin kusan megabait 72 a bit 8, 144 a bit 16, tun kafin ka ɗora leya ko ɗaya, wato shimfiɗar da ake ɗorawa a kan hoto a yi gyara a kanta. PSD yana tsayawa a gigabait 2, TIFF na yau da kullum a 4. Abin da ya wuce nan sai PSB, nau'in fayil na Photoshop na manyan ayyuka.

Ko da JPEG ka fara, mayar da shi bit 16 a nan. Ba zai dawo da abin da aka zubar ba, amma lissafin da za a yi daga yanzu ba zai ƙara wani giɓin ba.

Dokar wannan fayil guda ce: leyar ƙasa ba a taɓa ta. Kowane aiki da leyarsa da sunansa. Photoshop ya samu leya tun fitowa ta 3.0 a 1994, GIMP kuma daga fitowa ta 3.0 a 2025 yana barin ka koma ka sauya tace bayan ka ɗora shi.

Mataki na biyar: shara

Buɗe leya fanko a sama, ka saita kayan aikin su ɗebo daga leyoyin ƙasa. Kaya biyu ne jigo. Buroshin warkarwa yana ɗauko saƙar fata, wato ƙananan ramuka da layukanta, daga wurin da ka nuna, ya gauraya ta da haske da launin wurin da ka shafa. Shi ne na ƙuraje da ƙurar sensa a sararin sama. Hatimin kwafi kuwa kwafa yake yi tsantsa ba gauraye, don haka shi ya dace da bakin abubuwa, kamar layin leɓe ko gefen gashi, inda na warkarwa ke jawo launi ya yi dabbare.

Buroshin ya ɗan fi tabon girma kawai. Ɗebo daga kusa, inda haske da saƙar fata suka yi daidai. Fatar goshi ba irin ta kumatu ba ce, ta ƙasan ido kuma daban take. Riƙa sauya wurin ɗiba, in ba haka ba ido zai kama zane guda yana maimaituwa.

Me za a cire? Ma'aunin da masu gyara da yawa ke bi shi ne: abin da zai tafi da kansa cikin mako biyu, cire shi. Ƙurji, ƙwarzane, zaren da ya maƙale a riga, gashin da iska ta kwantar a kan ido. Abin da mutum ke rayuwa da shi kuwa, tawadar Allah, tsohon tabo, wushirya, nasa ne, ba a taɓawa sai shi ya nema.

Mataki na shida: fata

A nan ake gane gwani. Abin da ke sa fata ta yi kamar ba lafiya a hoto, yawanci ba ramukan gashi ba ne, rashin daidaiton haske ne: nan ɗan duhu, can ɗan haske, dabbare-dabbare. Mai gaggawa sai ya ɗora tacen dishi-dishi a kan fuskar duka, ya kashe dabbaren tare da saƙar fatar, garin neman gira a rasa ido. Hanyar da ta fi ita ce haskakawa da duhuntawa da hannu, dabarar da aka gada tun zamanin ɗakin wanke hoto, lokacin da ake tare haske da hannu ko a ƙara shi a kan takarda.

Ga yadda ake yi. Ɗora leyar lanƙwasar haske guda biyu, wadda manhajoji ke rubuta wa Curves. A ta farko ka ɗaga tsakiyar layin sama kaɗan, hoton ya yi haske. A ta biyu ka ja shi ƙasa. Kowace ka cika marufinta da baƙi, sai tasirinta ya ɓuya gaba ɗaya. Marufi ƙa'idarsa mai sauƙi ce: fari yana bayyanawa, baƙi yana ɓoyewa. Yanzu ɗauki buroshi mai laushi da farin launi, ka rage kwararsa zuwa kashi 1 zuwa 3. Inda ɗigon duhu yake, shafa a marufin leyar haske. Inda ɗigon haske yake, shafa a na duhu. A hankali, shafa bisa shafa, har wurin ya saje da maƙwabtansa. Saƙar fata tana nan ba abin da ya same ta, domin haske kawai ka taɓa.

Dabara biyu na taimakawa. Ɗora leyar wucin gadi a can sama da za ta mayar da hoton baƙi da fari, don launi ya daina ruɗin idonka. Ka kashe ta in ka gama. Sannan kada ka zauna a zuƙe. Dabbaren fata daga nesa aka fi ganinsa, don haka riƙa ja da baya kana duban fuskar duka. Kuma kada ka share inuwar da ke gina fuska, irin ta ƙarƙashin ƙashin kumatu da gefen hanci. In ta tafi, kamannin mutum sun tafi. Duhun ƙasan ido da tamoji a rage musu ƙarfi kawai. Dattijon da aka share wa tamoji tas ba wanda zai yarda da hotonsa.

Akwai wata hanyar da ta yi suna, ta raba hoto gida biyu: leya ɗaya ta ɗauki launi da haske, ɗaya ta ɗauki saƙa. Ana kwafar hoton sau biyu, a sa wa ta ƙasa dishi-dishi har ramukan fata su ɓace, sannan a cire ta daga ta sama don saƙa kawai ta rage. A GIMP tacen Wavelet-decompose yana yin wannan da kansa. Tana da amfani wurin gyara yamutsewar tufafi, ko daidaita launin wani ɗan yanki. Amma ita ce ta haifi yawancin fuskokin nan masu santsi kamar na mutum-mutumin shago, saƙa tana yawo a kan fatar da ba ta da tudu ko kwari. Ni dai ina ganin kada mai koyo ya taɓa ta sai hannunsa ya faɗa a haskakawa da duhuntawa.

Fata mai duhu tana da nata hukuncin. Ƙyallin da ke goshi da kan hanci da kumatu shi ke nuna siffar fuskar, don haka a rage shi in ya ƙone, kada a kashe shi. Kada kuma a ɗaga haskenta fiye da yadda take don wai hoto ya yi kyau. In fuska ta yi duhu saboda ƙarancin haske wurin ɗauka, a gyara hasken, launin mutum kuma ya zauna yadda yake. Lura da cewa ɗaga inuwa da yawa yakan sa irin wannan fata ta yi toka-toka ko ta koma ruwan lemo. In ka ga haka, koma baya ka rage. Gwada launin fuska da na wuya da na hannu. In sun rabu, gyaran ya tona kansa.

Ido da haƙori aikin minti biyu ne. Farin ido ba fari tas ba ne, yana da inuwa a kusurwa. Rage jan jijiyoyi kaɗan ka bar shi. Haƙori kuma rage rawaya ake yi, ba ƙara haske ba. Duk abin da ka yi, sauke ƙarfin leyar zuwa rabi ka sake dubawa, sau da yawa rabin ne daidai.

Mataki na bakwai: launi da armashi

Yanzu ne lokacin salo. Lanƙwasa mai siffar S, wato a ɗaga wajen haske kaɗan a sauke wajen duhu kaɗan, tana ƙara wa hoto ƙarfi. Tana ƙara kaurin launi ma, don haka sa ido a kan fata. Duk wannan a leyoyin daidaitawa ake yi, a saman na shara da na fata, don in ra'ayi ya canza gobe ba sai an sake aikin ƙasa ba. Idan ka gama, tashi ka bar allon na ɗan lokaci. Ido yana sabawa da kuskure, sai ka dawo za ka ga abin da ya yi yawa.

Kafin ka matsar da wani abu ko ka sauya siffar jiki, tambayi kanka ina hoton zai je. A aikin jarida ba a ƙarawa ba a cirewa. Har yau ana tuna yadda mujallar National Geographic ta matso da dalar Giza kusa da juna a bangonta na Fabrairun 1982, da surutun da ya biyo baya. A Faransa, tun 1 ga Oktoban 2017, hoton talla da aka rage ko aka ƙara wa jikin mai tallar kauri dole ya ɗauki rubutun da ke nuna an gyara shi. Hoton fasfo kuwa hukumomin ƙasashe irin su Amurka da Birtaniya sun hana a taɓa kamanninsa.

Mataki na takwas: girma, kaifi, fitarwa

Ajiye fayil na aiki da leyoyinsa cikakku. Duk abin da zai biyo baya a kan kwafi ake yi, kuma a jere: sauya girma, ƙara kaifi, mayar da launi sRGB in ba a shi kake aiki ba, sauka zuwa bit 8, matsewa.

A intanet yawan fiksel ne kawai ke aiki. Lambar nan ta 72 ko 300 da ke rubuce a fayil ba ta canza komai a allo. Hoto mai faɗin fiksel 2,000 haka yake ko me aka rubuta. A takarda ne take da ma'ana. Hoton da za a riƙe a hannu yana son fiksel 300 a kowane inci: mai inci 4 a 6 yana buƙatar 1,200 a 1,800, takardar A4 kuma 2,480 a 3,508. Babban allon talla da ake hange daga nesa bai buƙatar ko kusa da haka.

Kaifi yana zuwa bayan sauya girma domin rage hoto yana tausasa shi, kuma kaifin da ya dace da fiksel 6,000 bai dace da 1,500 ba. Tacen da aka saba da shi, Unsharp Mask, ƙara bambanci yake yi a bakin abubuwa: ya haskaka gefe ɗaya, ya duhunta ɗayan. Don allo, fara da faɗin da bai kai fiksel 1 ba, kamar 0.3 zuwa 0.6, da ƙarfi wajen kashi 100, ka duba. Da ka ga farin zare ya kewaye kai ko gini, ka wuce gona da iri. Na takarda yana ɗaukar kaifi fiye da na allo, tunda tawada tana ɗan bazuwa. A hoton mutum, sa marufi don kaifin ya sauka a ido da gira da gashi, ya bar kumatu.

Sai zaɓen fayil. Hoton kyamara da za a aika wa mutane ko a ɗora a shafi, JPEG ne, inganci tsakanin 80 da 90 a ma'aunin 100. Daga nan zuwa 100 nauyi ne ke ninkuwa, ido kuwa da ƙyar ya ga bambanci. Lambobin ba ɗaya suke a kowace manhaja ba, Photoshop ma yana da wani ma'aunin na 0 zuwa 12, don haka idonka ne alƙali: dubi sararin sama da bakin rubutu.

PNG, wanda ya fito a 1996 bayan rikicin haƙƙin mallakar matsewar LZW da GIF ke amfani da ita, ba ya zubar da komai kuma yana riƙe bango marar launi. Shi ne na tambari, zane, hoton allo mai rubutu, da kayan da aka yanke daga bangonsu. A hoton kyamara nauyi kawai zai yi. Mayar da JPEG zuwa PNG kuma ba ya ƙara inganci ko ƙwayar zarra, sai dai ya adana ɓarnar yadda take. GIF na 1987 launuka 256 kawai yake ɗauka, ba shi da hurumi a nan in ba ɗan hoto mai motsi ba.

Mai shafin intanet ya dubi WebP, wanda Google ya fitar a 2010, da AVIF na 2019. Dukansu sukan fi JPEG sauƙin nauyi a inganci iri ɗaya, suna kuma riƙe bango marar launi, kuma manyan burauzoji na yanzu suna buɗe su. Fitar da su daga fayil na aiki kai tsaye, kada daga JPEG, don kada a matse sau biyu. Ga wanda za ka miƙa wa hoto hannu da hannu kuwa JPEG ya fi aminci, ba na'urar da za ta ƙi shi.

Don wanke hoto, tambayi masu wankin abin da suke so. Da yawa JPEG mai babban inganci a sRGB suke karɓa. Maɗaba'a mai buga mujalla ko littafi takan nemi TIFF ko PDF a CMYK, wato tsarin launi na tawada huɗu da injin bugu ke amfani da shi, kuma ita za ta faɗa maka wane bayanin launi ya dace da injinta da takardarta. Kada ka yi canjin da ka. Ko wane iri ne, liƙa bayanin farfajiyar launi a cikin fayil. Hoton Adobe RGB da ya rasa wannan bayani, manhaja za ta ɗauke shi sRGB, sai ya fito a koɗe.

Kafin ka danna aikawa

Kowane hoto yana ɗauke da bayanan EXIF: irin kyamara, ranar ɗauka, saitin da aka yi, a waya kuma sau da yawa har da ainihin wurin da aka tsaya. A akwatin fitarwa zaɓi a cire bayanin wuri, ka bar sunanka da haƙƙin mallaka. Manhajojin hira da shafukan sada zumunta sukan rage girman hoto su sake matse shi, saboda haka in inganci ake so, a WhatsApp ko Telegram aika shi a matsayin takarda ko fayil, ko ka ba da mahaɗin ma'ajiyar intanet.

Buɗe fayil ɗin da ka fitar a wata manhajar daban, ka kuma duba shi a waya. In ka ga abin gyara, koma fayil na aiki ka gyara a can, ka sake fitar da sabo da lamba a ƙarshen sunansa, ka goge tsohon don kada a aika shi bisa kuskure.